Manaɗin Wayar Sona a Ƙaramin Jirgi: Na Hannu, Na Lantarki, Ko Daro Ya Wadatar?

Duk wanda ya sayi na'urar sona mai leƙa ƙarƙashin ruwa, irin wadda ake ja a bayan jirgi, yakan kashe makonni yana nazarin ita na'urar, sannan ya bar maganar abin da zai naɗe wayarta sai kaya sun iso Abuja. A nan matsalar take farawa, domin kifin ƙarfen da ke ɗauke da idanun sona, wato ɓangaren na'urar mai siffar kifi da ake ja a cikin ruwa, ba shi da wata hanyar komawa hannun mai shi sai ta wannan waya, kuma ta cikinta ne wuta take sauka zuwa gare shi, hoton ƙasan ruwa kuma yake hawowa zuwa kwamfuta. Wannan rubutu na ma'aikatan ceto ne, da masu auna laka a madatsun ruwa, da ɗaliban jami'a masu bincike, da duk wanda zai ɗora irin wannan kaya a kan jirgin faiba ko kwale-kwale mai inji, a ruwaye irin Tafkin Jabi, da Dam ɗin Usuma na Bwari, da Gurara, da Shiroro, ko kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos da Bukuru da Barkin Ladi.

Abubuwan da ya kamata a auna

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran duka nauyi, shi ne saurin ɗago kifin idan ƙasa ta taso ba zato. Ƙa'idar aikin ita ce a riƙe kifin sama da ƙasan ruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 na nisan da ake so ya leƙa ta kowane gefe, wato idan an saita shi ya ga mita 50 dama da mita 50 hagu, tsakaninsa da ƙasa zai zama wajen mita 5 kacal. Ana jan sa a hankali, kusan mita ɗaya da rabi a kowace daƙiƙa, kuma a irin wannan tafiya waya mara nauyi takan buƙaci a saki kamar ninki uku na zurfin da ake so kifin ya kai. Mu ɗauki ruwa mai zurfin mita 25. Kifin zai zauna a mita 20, za a saki waya mita 60, shi kuma zai riƙa biyo jirgi daga tazarar mita 56 ko kusa da haka. Idan ma'aunin zurfi na jirgi ya nuna dutse ko kututture a ƙarƙashinku, abin da ya rage kafin kifin ya iso wurin bai kai daƙiƙa 40 ba, kuma kafin ya tashi da mita 5 sai an janyo waya wajen mita 15. Matuƙi zai iya taimakawa ta hanyar ƙara wuta, domin ƙarin gudu yana ɗaga kifin, amma ba kowane injin jirgi ne yake amsawa nan take ba. Wannan lissafi shi ne ya kamata mai saye ya riƙe a zuciya yana duba kowane manaɗi.

Na biyu shi ne ko hoton zai ci gaba da zuwa yayin da ake naɗewa ko sakin waya. Gangar da ke juyawa ba za ta iya haɗuwa da kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya ba sai da wani zobe na musamman a cibiyarta, wanda ke barin wuta da saƙo su ratsa daga ɓangaren da ke juyawa zuwa wanda ke tsaye. A nan zan kira shi zoben sadarwa. Manaɗin da ba shi da wannan zobe dole ne a kashe na'ura a zare fulogi kafin a juya shi.

Na uku shi ne lafiyar wayar kanta. Kowace waya tana da iyakar lanƙwasar da za ta jure, kuma kamfanin da ya ƙera ta yakan rubuta adadin. Idan aka ce kada lanƙwasa ta gaza santimita 15 daga cibiya, to cikin gangar sai ya kai faɗin santimita 30, haka nan duk wani fuli, wato ƙaramar taya mai juyawa, da wayar za ta bi ta kansa. Wayoyin ƙananan na'urori yawanci masu laushi ne, an ƙarfafa su da zaren Kevlar a ciki, kuma suna iya karyewa ta ciki alhali fatar waje tana nan lafiya, sai dai a ga hoto yana yankewa a rasa dalili.

Sauran ma'aunan a bayyane suke: nauyi da wurin da kayan za su ci a cikin jirgi, kuɗin saye da na shigowa, jure ƙura da rana da ruwa, da kuma samun wanda zai gyara a nan gida. Ruwanmu ba na gishiri ba ne, saboda haka tsatsar da ke damun masu aiki a gaɓar Legas ko Fatakwal ba ta kai haka a wurinmu ba, amma muna da ƙurar hunturu, kuma ita ce babbar abokiyar gabar boris da zoben sadarwa.

Daro ko kwando, ba tare da manaɗi ba

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera wayar cikin babban daron roba, ana ɗora ta a siffar lamba 8, a saka safar hannu a riƙa saki da janyowa. Dalilin siffar 8 shi ne duk zagayen da aka yi da hannu ta gefe ɗaya yana ƙara wa waya murɗiya guda, amma idan aka bi dama aka dawo hagu, murɗiyar farko da ta biyu suna warware juna. Ƙarshen wayar yana nan a haɗe da kwamfuta, don haka hoto ba ya yankewa, kuma mutum mai ƙarfi yana iya janyo mita 15 da hannu cikin 'yan daƙiƙu idan kifin ƙarami ne. Kuɗin da za a kashe bai wuce na daro da safar hannu ba, kuma babu abin da zai lalace.

Ƙananan na'urori irin StarFish, waɗanda kifinsu bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba kuma wayarsu gajeriya ce, da wannan hanya aka fi aiki da su, kuma babu abin kunya a ciki. Inda take gazawa shi ne idan waya ta haura mita 50, ko kifin ya yi nauyi. Hannu yakan gaji kafin azahar, jiƙaƙƙiyar waya tana santsi, kuma a lokacin gaggawa babu mai tsayawa ya jera siffar 8, sai dai a zube ta a ƙasan jirgi, inda ƙafa za ta taka ta ko ta sarƙe da tankin mai. Haɗarin da ya fi muni shi ne madauki ya kama ƙafar mutum a daidai lokacin da kifin ya maƙale a ƙasa jirgi kuma yana tafiya. Wanda ya zaɓi wannan hanya lallai ne ya ɗaure wayar a jikin jirgi da igiyar da ke damƙe ta ba tare da ta lanƙwasa ta ba, kada ya riƙe nauyin da hannunsa tsawon yini.

Manaɗin hannu mara zoben sadarwa

Wannan shi ne wanda ya fi yaudarar mai saye, domin a ido ya yi kama da cikakken kayan aiki. Ganga ce a kan firam, da mariƙin juyawa, wani lokaci da ɗan birki. Ana iya sayo shi daga waje, ana kuma iya kai zane wurin mai walda a Dei-Dei ko Apo ya ƙera shi da bututun alminiyam ko ƙarfe mara tsatsa, a saka boris irin na babur, kuma idan an tsaya a kansa ya kiyaye faɗin cikin ganga ya kuma goge bakin walda sumul, aikin zai yi kyau ya daɗe. A wajen ajiya da ɗauka daga mota zuwa bakin ruwa ba shi da na biyu.

Matsalarsa tana bayyana ne a kan ruwa. Na taɓa aiki da irinsa a wata madatsar ruwa da ba ta da nisa da Abuja, muna neman wani famfon ban-ruwa da ya nutse. Mun saki waya, mun haɗa fulogi, hoto yana zuwa tsaf, sai ma'aunin zurfi ya sauko daga mita 18 zuwa 11 cikin ƙiftawar ido. Yaron da ke kula da manaɗin ya yi abin da kowa zai yi, ya kama mariƙi ya juya da ƙarfi, ya manta da gajeriyar wayar da ta haɗa ganga da akwatin na'ura. Zagaye uku kawai ta yi ta murɗe kamar igiyar guga ta fizge fulogin daga mazauninsa. Dattijon da ke tuƙa mu, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya rage wuta ya dube ni ya ce, "Injiniya, ai da kun tambaye ni, nan tsohon tudun gari ne, har kukoki akwai a ƙasa." Kifin ya tsira, amma aikin ranar ya ƙare a nan, kuma mun yi makonni muna jiran sabon fulogi daga waje.

Hanyar da ta dace a yi aiki da shi ita ce a warware iyakar wayar da ake buƙata tun kafin a kunna na'ura, a kulle ganga, sannan a riƙa sarrafa abin da aka warware da hannu. Ma'ana, a lokacin aiki an koma tsarin daro, manaɗin kuwa ya zama ma'aji. Wanda ya saye shi da wannan fahimta bai yi asara ba. A guji dai gangar wayar wuta ta roba da ake sayarwa a kasuwa don janareto da biki: cikinta ya yi ƙanƙanta ga yawancin wayoyin sona, kuma firam ɗinta ba zai jure fizga ɗaya ba.

Manaɗin hannu mai zoben sadarwa

A nan ne kuɗi yake tsalle, kuma yawancin ƙarin na zoben ne da haɗa shi da waya, ba na ƙarfen ba. Kamfanoni irin su JW Fishers na Amurka da Shark Marine na Kanada suna ƙera manaɗai masu ɗaukuwa don irin wannan aiki, kuma sau da yawa kamfanin da ya sayar da sonar yakan ba da nasa manaɗin da an riga an haɗa da wayar, wanda shi ne ya fi kwanciyar hankali. Abin da ake samu a madadin kuɗin shi ne mai kallon allo yana iya cewa a ɗago, mai mariƙi ya ɗago, dukansu suna ganin yadda tazarar kifin da ƙasa take ƙaruwa a daidai lokacin.

Mu koma kan lissafin da ya gabata. Ganga mai faɗin santimita 30 tana naɗe kusan santimita 94 a kowane zagaye, ƙari kaɗan idan waya ta taru a kanta, saboda haka mita 15 zagaye 16 ne ko ƙasa da haka. Mutum mai lafiya zai yi wannan cikin daƙiƙa 20 idan kifin matsakaici ne kuma mariƙin yana da tsawo. Wasu manaɗan suna da giya mai rage nauyi, sai dai duk abin da giya ta rage na wahala ta ƙara shi a yawan zagaye, kuma a ruwa mai kututture na fi son wanda mariƙinsa ke juya ganga kai tsaye. Akwai wata fa'ida da ba a rubuta ta a takardar talla: hannun da ke kan mariƙi yana jin abin da ke faruwa a ƙasa. Idan kifin ya shafi kalli ko mamarin masunta, ko ya ɗebo ciyawa, nauyin yakan canza kafin allo ya nuna komai, kuma mutum yakan saki da kansa tun kafin ya yi tunani.

Abubuwa uku ne za a bincika kafin a biya kuɗi. Zoben sai ya dace da irin saƙon da na'urar take aikawa da yawan silin da ke cikin wayar, domin wanda aka yi don ɗaukar wuta kawai yana iya cika hoto da zane-zane. Sai birki: ya zama mai iya riƙe nauyin ja, yana kuma da makulli, in kuwa kamfanin ya ce firam ɗin ba na ɗaukar nauyin ja ba ne, a ɗaure wayar a jikin jirgi bayan kowane gyaran tsawo. Na uku, wasu zobba suna amfani da ruwan makuri, wato zaiba, a ciki maimakon burushi, kuma ko da yake suna ba da saƙo mai tsafta, makuri guba ne kuma yana cin alminiyam, don haka ban ga hikimar kai shi kan ruwa irin na Usuma ba, wanda daga gare shi ake ba birnin Abuja ruwan sha.

Wajen ƙarko, firam da ganga za su yi shekaru. Zoben ne mai son lallaɓa: a rufe shi da jaka a kan hanya, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kada a wanke shi da ruwan famfo mai ƙarfi, kuma kada a bar mai gyaran rediyo ya buɗe shi don gwaji. Idan ya mutu sai dai a sayo wani daga waje, amma ko a ranar da ya mutu ana iya tsallake shi a haɗa waya kai tsaye a ƙarasa aiki da hannu.

Ƙaramin winci na lantarki

Winci mai aiki da batir na bolt 12 ko 24, irin wanda AGO Environmental na Kanada da makamantansu suke yi, ya zo da zoben sadarwa, da maɓallin sarrafa gudu, sau da yawa da hannun da ke jera waya daidai a kan ganga, wani lokaci har da ma'aunin da ke nuna mita nawa aka saki. Wannan ma'auni yana da amfani sosai ga mai zana taswira, domin wurin da GPS yake nunawa na jirgi ne, kifin kuwa yana can baya, kuma sai an san tsawon wayar kafin a san ainihin inda abin da aka gani yake. Masu manaɗin hannu suna maye gurbinsa da manna salatif mai launi a kowace mita 5, kuma yana wadatarwa.

Idan ana maganar waya mita 200 ko 300, ko waya mai sulken ƙarfe, ko kifi mai fiffiken da ke danna shi ƙasa, babu hannun da zai iya, winci ne kaɗai mafita. Tambayar ita ce ko ruwayenmu suna buƙatar haka. Tafkin Jabi ba shi da zurfin da zai kai ga wannan magana. Ko manyan tafkuna irin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, da Shiroro na 1990, wurarensu masu zurfi sosai suna kusa da bangon madatsa da tsohon kwarin kogi ne, sauran faɗin kuwa ruwa ne matsakaici da ya shanye gonaki da dazuzzuka, da itatuwan da har yanzu suke tsaye a ƙasa.

Nauyinsa kuma ba ƙarami ba ne. Bayan shi wincin, wanda sai mutum biyu sun ɗauka, akwai batir mai amfiya 100 da yake kai wa kilo 30, kuma ya kamata ya zama daban da wanda ke ba sona wuta, domin motar winci tana iya jefa hayaniya cikin hoto idan suka haɗa batir. Motar da ke jan amfiya 25 za ta cinye rabin wannan batir cikin awa biyu na juyi, kuma batirin gubar da ake yawan shanyewa fiye da rabi ba ya daɗewa. Sannan sai an ɗaure shi da kusoshi a kan katako mai kauri ko ƙarfe, abin da mai jirgin haya ba lallai ya yarda da shi ba, kuma ɗora wannan nauyi duka a bayan kwale-kwale kusa da inji yana sa gindin jirgin ya nutsa. Haɗarinsa na musamman shi ne ba ya jin komai. Idan kifin ya maƙale a reshe, winci zai ci gaba da ja har sai wani abu ya tsinke, ko kuma ya karkatar da ƙaramin jirgi, shi ya sa ba a saye sai mai kulocin da ke zamewa idan nauyi ya wuce kima, da maɓallin tsayawar gaggawa, da mariƙin hannu na ko-ta-kwana. Wincin da ake ɗaurawa a gaban motar jif kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan: gangarsa siririya ce, jansa a hankali ne, ƙarfinsa ya isa ya raba wayar sona gida biyu.

Wajen kuɗi, yana iya ninka manaɗin hannu mai zobe sau da dama, kafin a zo ga kuɗin dakon jirgin sama da ake lissafawa da nauyi da girman akwati, da harajin kwastan, duk a farashin dala na ranar. Motarsa da giyarsa masu gyaran lantarkin mota suna iya taɓawa, amma allon sarrafa gudu idan ya ƙone sai an jira daga waje.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Hoto yayin naɗewa | Ɗauka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Daro | Kusan babu | Ba abin lalacewa | Yana ci gaba | Mutum ɗaya | Sarƙewa, kama ƙafa |
| Na hannu mara zobe | Kaɗan, ana ƙerawa a gida | Mai kyau | Yana yankewa | Mutum ɗaya | Murɗe waya, fizge fulogi |
| Na hannu mai zobe | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau in an kare zoben | Yana ci gaba | Ɗaya ko biyu | Gajiya a doguwar waya |
| Wincin lantarki | Mai yawa | Ya danganta da batir da allo | Yana ci gaba | Biyu zuwa sama | Tsinka waya, karkatar da jirgi |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ƙungiyar ceto da ake kira da gaggawa, yau Jabi gobe wani rafi a Gwagwalada, wadda ba ta san irin jirgin da za ta tarar a bakin ruwa ba, ta fi dacewa da ƙaramar sona da daro, ko manaɗi mara zobe don ajiya kawai. Kuɗin da ta rage gara ta saka shi a waya ta biyu da fulogi na ajiya.

Masu auna madatsun ruwa da masu binciken jami'a da suke yini suna bin layi bayan layi a zurfin mita 15 zuwa 40, da waya mita 50 zuwa 150, su ne masu manaɗin hannu mai zoben sadarwa, kuma a nan ne mafi yawan masu karanta wannan rubutu za su samu kansu. Da ni ne mai sa hannu a takardar saye ta wata ma'aikata a Abuja, wannan zan zaɓa ko da kasafin ya isa sayen winci, in ƙara da fuli mai faɗi da sandar da za ta nisanta waya daga farfela.

Kududdufan kuza na Jos suna da nasu hali. Bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, wasu suna da zurfi sosai, amma faɗinsu kaɗan ne, kafin kifin ya daidaita a zurfinsa an kai ɗaya gaɓar, kuma duk lokacin da jirgi ya juya sai ja ya ragu kifin ya nutse. Aiki a wuri irin Rayfield ɗagowa da saki ne ba hutawa, don haka zoben sadarwa ya zama dole ko da wayar ba ta da tsawo, winci kuwa babu inda za a kai shi, tun da sau da yawa a kafaɗa ake sauke kaya zuwa bakin ruwa. A ruwan da bai kai mita 5 ba ma, a ɗaure sonar a jikin sanda a gefen jirgi a huta da batun waya gaba ɗaya.

Winci na wanda yake da jirginsa na kansa ne, mai faɗi da daɓe mai ƙarfi, yana da kwangilar da za ta kai shi gindin bangon Shiroro ko Kainji akai-akai, kifinsa mai nauyi ne, kuma yana da ma'aikaci guda da ba shi da wani aiki a kan ruwa sai zama kusa da maɓallin tsayawa.